Yadda Likita Zai Zaɓi Makirufon Yi Wa Kwamfuta Shifta

Likitan da ke yi wa kwamfuta shifta tana mayar da maganarsa rubutu a fayil ɗin majinyaci, da zarar ya ga kuskure manhaja yake fara ɗora wa laifi. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma sau da yawa abin da aka ba manhajar shi ta rubuta, kuma abin da aka ba ta ɗin gurɓataccen sauti ne: murya daga nesa, ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, hirar ma'aikatan jinya a bayan labule, ƙarar injin da ke bibiyar bugun zuciya. Duk tarkacen nan ta kafa ɗaya suke shiga, wato makirufo.

Lamarin kuwa ba na wasa ba ne. Wani bincike da mujallar JAMA Network Open ta buga a 2018 ya duba bayanan asibiti guda 217 da aka yi shiftarsu a Amurka. A rubutun farko da manhaja ta fitar, an samu kuskure a kashi 7.4 cikin ɗari na kalmomin. Bayan masu gyaran rubutu sun bi ta kai ya sauko zuwa 0.4, bayan likita ya duba ya sa hannu ya koma 0.3. Ba dukkan kurakuran ne laifin makirufo ba, amma kowane kuskure da makirufo ya haifar, lokacin wani mutum ne zai tafi wajen gyara shi, in ma an gan shi ke nan. Sannan a aikin likita, ma'ana kan rataya ne a kan sauti ɗan mitsitsi. Ga mai shifta da Turanci, tsakanin hypertension da hypotension gaɓa ɗaya ce, amma ɗaya hawan jini ne, ɗaya faɗuwarsa. Fifteen da fifty a wutsiya kawai suka bambanta. Kalmar no kuwa, in ta ɓace daga farkon jimla, cutar da aka ce babu ita ta zama akwai.

Mataki na farko: duba abin da hannuwanka ke yi

Kafin ka leƙa sunan kamfani ko farashi, ka lura da kanka na yini guda a wurin aiki. Lokacin da kake son yin shifta, ina hannuwanka suke? A zaune kake ko a tsaye? A kwamfuta ɗaya kake wuni, ko kana bin ɗakuna kana shiga kowace ka tarar? Amsar waɗannan ita ce ke zaɓar maka rukunin makirufo, sauran bayanai daga baya suke zuwa.

Wanda ke zaune a ofis yana rubuta bayani bayan fitar kowane majinyaci, makirufon riƙewa a hannu ne ya fi dacewa da shi, kuma shi ne ya fi yawa a asibitoci. Sanannu a wannan rukuni su ne PowerMic na kamfanin Nuance, da SpeechMike na Philips, da RecMic wanda Olympus ya fito da shi. Abin da ya raba su da makirufon waƙa ko na wa'azi shi ne maɓallan da ke jikinsu. Akwai na buɗe makirufo da rufe shi, akwai na tsallakawa daga wannan gurbi zuwa na gaba a cikin fom, wasu ma suna da ɗan ƙwallo ko wurin shafawa da ke yin aikin linzamin kwamfuta. Maɓallin buɗewa da rufewar nan, a ganina, shi ne rabin darajar na'urar. Ka danna ka yi magana, ka saki ta daina ji. Wani ya leƙo ya yi maka tambaya, amsarka ba za ta faɗa cikin fayil ɗin majinyaci ba. Likitocin da ke karanta hoton ciki da na ƙashi sun daɗe da sabawa da wannan tsari: hannu ɗaya a kan linzami yana juya hotuna, ɗayan riƙe da makirufo.

Wanda hannuwansa biyu ke cikin safa kuma, labarinsa daban ne. Likitan da ke yanka tsokar da aka kawo gwaji, likitan haƙori, mai leƙa ciki da kyamara, duk ba su da hannun da za su ba makirufo. Su sai dai hedifon mai ɗan sanda da ke sauko da makirufo gefen baki, ko kuma makirufon tebur mai dogon wuya da ke lanƙwasuwa. A haɗa musu da abin takawa da ƙafa domin buɗewa da rufewa. Haka ma wanda ke shafe sa'o'i yana shifta ba tsayawa, ko mai fama da ciwon wuyan hannu ko kafaɗa, hedifon ya fi masa sauƙi, domin riƙe abu a saitin baki tun safe har yamma yana gajiyarwa fiye da yadda ake zato.

Na uku shi ne mai yawo, yanzu yana ɗakin kwanciya, an jima yana sashen gaggawa. Ga irinsa akwai manhajojin da ke mayar da wayar salula makirufo, kamar PowerMic Mobile, inda yake magana a wayarsa rubutun na fitowa a kwamfutar da ya shiga da sunansa. Makirufon wayoyin zamani ba ya da laifi ko kaɗan. Rauninsa shi ne komai ya dogara da ƙarfin intanet a lungun da kake tsaye, kuma gine-ginen asibiti, musamman sashen hoto da ake lulluɓe bangonsa da dalma ko jan ƙarfe, sun shahara da wuraren da sabis ba ya kaiwa.

Mataki na biyu: tambayi manhaja, tambayi masu kula da kwamfutoci

Wannan matakin ba shi da armashi, shi ya sa ake tsallake shi, kuma nan ne kuɗi ke yawan salwanta. Kusan kowane makirufon USB zai kai sauti ga kowace manhaja. Maɓallai ne ba lallai su yi aiki ba. Manyan manhajojin shiftar likitoci, irin su Dragon Medical One na Nuance, kamfanin da Microsoft ya kammala saye a 2022, da Fluency Direct, da PowerScribe na sashen hoto, kowace tana da jerin na'urorin da ta amince da su. Nemi jerin nan na sigar da ake amfani da ita a wurin aikinka. In na'urar ba ta ciki, ka ɗauka cewa makirufo kawai ka saya, maɓallan ado ne, sai fa in ka gwada ka ga akasin haka.

Sai tambaya ta biyu, wadda ma'aikatan sashen kwamfuta ne kaɗai za su amsa maka: fayil ɗin majinyata a kan kwamfutar da ke gabanka yake gudana, ko kuwa a wata babbar kwamfuta ce can nesa, taka tana nuna hotonta ne kawai ta hanyar Citrix ko makamancinsa? In na biyun ne, sautinka sai ya yi tafiya kafin ya isa ga manhaja, kuma a hanya ana iya matse shi har ya lalace. Akwai ƙananan manhajojin da ake sakawa domin sauti da maɓallai su ƙetare lafiya, kuma ba kai ke da ikon saka su ba. Ka kuma tambaya ko an toshe kafofin USB ko an kashe Bluetooth saboda tsaro, domin asibitoci da yawa suna yin haka. Gara ka ji yau da ka ji bayan ka yage kwali.

Mataki na uku: nisa tsakanin baki da makirufo

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da mai karatu zai riƙe daga wannan jagora, wannan ne. Manhaja ba ruwanta da daɗin muryarka. Abin da take buƙata shi ne muryar ta rinjayi hayaniyar ɗaki da tazara mai yawa, kuma ba abin da ke samar da wannan tazara kamar kusanci.

Lissafin a bayyane yake. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ɗauki makirufon da ke santimita 5 daga baki, ka kwatanta shi da na jikin kwamfutar tafi-da-gidanka da ke santimita 80. Daga 5 zuwa 10, zuwa 20, zuwa 40, zuwa 80, ninki huɗu ke nan, asarar kusan desibel 24. A cikin ɗaki asarar ba ta kai haka cif ba saboda bango yana dawo da sauti, sai dai abin da bangon ke dawowa da shi amsa-amo ne, wanda shi ma dagula kalmomi yake yi. Hayaniyar ɗakin kuwa tana nan yadda take, ba ta ragu ba. In ka ce za ka ƙara ƙarfin makirufo daga cikin kwamfuta, murya da hayaniya tare za su tashi, ba ka ci ribar komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 1999 kan hayaniya, ta ba da shawarar kada amon ɗakunan da ake duba majinyata ya wuce desibel 35. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sashen gaggawa ya san wannan buri ne kawai. Hira ta yau da kullum kanta tana kaiwa wajen desibel 60 a tazarar mita ɗaya. Ma'ana, abokin aikin da ke magana a teburin da ke kusa, muryarsa za ta iso makirufon jikin kwamfutarka da ƙarfi kusan ɗaya da taka. Ta yaya manhaja za ta san wanda za ta bi?

Shi ya sa hedifon mai matsakaicin farashi kan doke makirufon situdiyo mai tsada da aka kafa a tsakiyar tebur. Na situdiyon an ƙera shi ne ya ɗauki komai dalla-dalla, kuma zai ɗauka, har da motsin kujera da buɗe ƙofa. Manyan lambobin da ake rubutawa a kwalinsa domin masu waƙa ba su da amfani a nan.

Daga nan sai yanayin jin makirufon. Wani yana ji daga kowace kusurwa daidai wa daida, wani yana fifita abin da ke gabansa ya yi watsi da na baya. Na biyun ake so a shifta. Akwai kuma wanda aka ƙera musamman domin soke hayaniya, kuma yana da kyau ka san yadda yake aiki, domin sanin zai hana ka lalata shi da hannunka. Yana da kafa a gaba, yana da wata a baya. Sautin da ya taso daga nesa yana isa kafofin biyu da ƙarfi kusan ɗaya, sai su kashe juna. Muryarka da ke dab da kafar gaba ta fi ƙarfi sosai a wannan kafar fiye da ta baya, sai ta wuce. Abu biyu ke biyo bayan haka. In ka janye shi daga bakinka, kai ma ka zama sautin nesa, zai fara soke ka. In kuma yatsanka ya toshe kafar baya, ko ka naɗe kan da salatif, dabarar ta rushe gaba ɗaya.

A nan ne 'yan kasuwa ke rikita mutane. Hedifon da aka rubuta ANC a kwalinsa, soke hayaniyar da yake yi domin kunnenka ne, kai ne za ka ji ɗaki ya yi tsit. Bai ce komai ba a kan abin da makirufonsa ke turawa. Ka karanta bayanin makirufon shi kaɗai. Ƙananan abin sawa a kunne marasa sanda kuwa, makirufonsu yana can kusa da kunne, nesa da baki, kuma da lissafin manhaja suke ƙoƙarin tsamo muryarka. Sun isa kiran waya. Ban ba da shawarar a rubuta adadin magani da su ba.

Inda za a ajiye makirufon shi ma ilimi ne. Na hedifon a sa shi a gefen baki, ba tsakiyar leɓe ba, da tazarar yatsa ɗaya ko biyu. In yana saitin leɓe, iskar da ke fita da harufa irin su p da b za ta riƙa dukansa, in kuma ya hau saitin hanci, numfashinka zai zama ƙananan kalmomin da ba ka faɗa ba. Na hannu, kowane kamfani da tazarar da ya ba da shawara, daga 'yan santimita kaɗan zuwa wajen 15, sai ka duba takardar da ta zo da naka. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne tsayawa a kan tazara ɗaya. Ga abin da ke faruwa kullum: likita ya fara jimla makirufo na bakinsa, sai ya juya kai ya dubi sakamakon gwaji a allo na biyu, hannu bai bi shi ba, rabin jimlar ya tafi iska. Ko kuma da yamma ta yi, gwiwar hannu ta sauka kan tebur, makirufo ya koma ƙirji. Wanda ya san yana da wannan ɗabi'a, hedifon ne maganinsa, tunda duk inda kai ya juya sanda na biye.

Mataki na huɗu: hanyar da sauti zai bi zuwa kwamfuta

USB mai igiya shi ne zaɓin da ba ya ba da ciwon kai. A cikin na'urar ake mayar da sauti lambobi, don haka ko a wace kwamfuta ka soka shi, sakamakon kusan ɗaya ne. Ba caji, ba haɗawa, ba katsewa. Mai ƙaramin filogi na milimita 3.5 kuwa ya dogara da ingancin sashen sauti na kwamfutar, wanda a wasu kwamfutocin ke kwaso ƙugin lantarki daga cikin akwatin. In kana da hedifon mai kyau irin wannan, kada ka jefar, nemi ɗan adaftan sauti na USB ka haɗa.

Bluetooth ne ke buƙatar dogon bayani. Mutum zai ji kiɗa yana fita tangaran a hedifon ɗinsa, sai ya ɗauka makirufon ma haka yake. Ba haka ba ne. Sauraro yana da tsarinsa, amma da zarar an buɗe makirufo, na'urar tana komawa tsarin kiran waya. Tsohon tsarin kiran yana ɗaukar sauti a kilohaz 8, wato haz 8,000, wanda ke nufin duk sautin da kaifinsa ya haura rabin haka, haz 4,000, an yanke shi, kamar dai tsohon layin tarho da ke tsayawa a wajen haz 3,400. To a can saman ne bambancin s da f yake zaune, da sauran sautuka masu kaifi da ke rarrabe sunayen magunguna. Sabon tsarin yana kaiwa kilohaz 16, kuma wannan ya wadatar da shifta. Matsalar ita ce sai hedifon da kwamfuta duka sun yarda da sabon, in ba haka ba su koma tsohon tsarin ba tare da sun sanar da kai ba. Saboda haka, in za ka sayi marar igiya, nemi wanda ya zo da nasa ɗan abin sokawa a USB, kuma ka yi amfani da shi maimakon Bluetooth na cikin kwamfuta.

Akwai wani aibin kuma da ba a cika faɗa ba. Wasu marasa igiya suna yin gyangyaɗi domin tattalin batir, kuma farkawarsu na ɗaukar ɗan lokaci. Ka danna ka fara magana nan take, kalmar farko ta wuce ba a ji ba. Ka tuna wace kalma ce ke yawan zuwa a farkon jimlar likita.

Hedifon ofis masu amfani da DECT, wani tsarin sadarwa marar igiya daban da Bluetooth, sun fi natsuwa a wurin cunkoso, domin suna aiki a kusa da gigahaz 1.9, ba sa gogayya da Wi-Fi da Bluetooth da suka yi dafifi a 2.4. Sai dai suna zuwa da mazauni da ke kan tebur ɗaya, don haka ba su dace da mai bin ɗakuna ba. A duba kuma cewa an saita su a faffaɗan sauti, domin wasu ana iya mayar da su kan ƙunƙuntacce saboda batir ya daɗe. Philips na da nasa marasa igiya da aka yi domin shifta, SpeechMike Premium Air na hannu da SpeechOne na sawa a kai. Kowanne ka ɗauka, ka tabbata batirinsa zai kai ƙarshen aikinka mafi tsawo, kuma ka ajiye mai igiya a aljihun tebur saboda ranar da aka manta caji.

Mataki na biyar: tsafta

Na'urar da ke wuni a gaban baki, tana kuma yawo daga hannu zuwa hannu, dole ta jure goga. Nemi mai santsin jiki marar lunguna da yawa, kuma ka duba ko kamfanin ya amince da irin abin gogewar da asibitinku ke amfani da shi, domin wasu sinadaran suna cinye roba su goge rubutun maɓallai. A goge da ƙyalle mai danshi, kada a fesa ruwa cikin ragar makirufo. Rubutun da ake yi cewa jikin na'ura yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa bai ɗauke wa kowa goga ba. Soson da ke kan sandar hedifon kuwa yana shan yawu da danshi, ba ya goguwa, sai dai a canza. Hedifon na mutum ɗaya ne, kowa da nasa.

Mataki na shida: gwada da kalmominka, a ɗakinka

Gani ya kori ji. Kada a sayi guda hamsin domin sashe guda sai an ari biyu ko uku an gwada, ko an saya daga inda ake karɓar mayarwa.

Rubuta sakin layi na kalmomi 200 irin waɗanda kake faɗa kullum, na majinyacin da ka ƙirƙira, ba na gaske ba. Cusa masa abubuwan da ke ba manhaja wuya: sunayen magungunan da ke kama da juna kamar hydroxyzine da hydralazine, kalmomi irin su abduction da adduction ko dysphagia da dysphasia, adadin magani da ma'auninsa, dama da hagu, da jimloli da dama masu farawa da korewa. Karanta shi da kowane makirufo a wurin da za ka yi aiki, a lokacin da wurin ya fi cika, da saurin maganarka na gaskiya, ba irin na mai karanta labarai ba. In da takunkumi kake aiki, sa shi, domin takunkumi yana dushe sautuka masu kaifi, N95 ma ya fi na tiyata yin haka. Maimaita gwajin a ƙarshen aiki, lokacin da murya ta gaji.

Sannan ka ƙirga kuskure iri uku: kalmar da aka musanya, wadda aka yar, da wadda aka ƙara. Kuskure 6 cikin kalmomi 200 kashi 3 ne cikin ɗari. Amma kada ka tsaya a jimilla, domin kowane iri yana nuna wurin ciwo. Yawan ƙari na nufin hayaniya ko numfashi na shiga. Yawan yarwa, musamman a farkon jimla ko ƙarshenta, na nufin makirufo yana makara wajen buɗewa, ko sautin ya yi rauni, ko wani abu yana datse shi. Musanya tsakanin kalmomi masu s da f da t na nuna an yanke saman sautin, sai a binciki Bluetooth ko matsewar da ake yi a hanya. Kuma makirufon da ya yi kuskure biyar a ƙananan kalmomin haɗi ya fi wanda ya yi biyu kacal amma ɗayansu a adadin magani.

Ƙara gwaji biyu masu sauƙi. Buɗe makirufo ka yi shiru na rabin minti mutane na harkarsu, ka ga ko kalmomi za su fara bayyana a allo. Sai kuma ka naɗi muryarka da manhajar naɗar sauti ta kwamfuta, ko Audacity, ka saurara da hedifon. Kunnenka zai kama abin da lissafi bai nuna ba: ƙugi, tsatsa, fashewar sauti in ka ɗaga murya, ƙas-ƙas ɗin maɓalli, ko gogar igiya a jikin riga. A na hannu, murza shi kaɗan a tafinka yayin naɗar. Masu inganci an raba kan makirufon da gangar jikin domin motsin yatsu kada ya shiga, kuma a wannan gwajin ne za ka gane ko kuɗin da aka ɗora a kansu ya halatta.

Mataki na bakwai: saiti, da abin dubawa in abu ya rikice

Bayan ka zaɓa, shiga saitin sauti na Windows ka tabbata an ba manhajoji izinin amfani da makirufo. A cikin manhajar shiftar kuma ka zaɓi na'urar da sunanta. Wannan na da muhimmanci, domin kwamfuta mai kyamara tana da wani makirufon, kuma ana iya shafe makonni ana magana cikin na hannu alhali na kyamara ne ke ji. Hanyar ganewa ba wuya: ƙwanƙwasa kan makirufon da farce ka ga ko ma'aunin sauti ya yi tsalle. Daidaita ƙarfin yadda ma'aunin zai riƙa motsi sosai in kana magana amma ba ya bugun ƙarshe.

Kashe ƙarin gyare-gyaren sauti na Windows da manhajojin share hayaniya da ake sakawa domin taron bidiyo, aƙalla a gwajin farko. An yi su ne domin kunnen mutum, kuma wajen share hayaniya sukan haɗa da wutsiyar kalmomi. In kana ganin suna taimakawa a ɗakinka, sakin layin nan na kalmomi 200 yana nan, gwada da su, gwada ba su. Rufe Teams ko Zoom in ba ka cikin taro, domin sukan riƙe makirufo ko su sauya ƙarfinsa da kansu. Soka USB ɗin kai tsaye a jikin kwamfuta maimakon cikin tarin mahaɗai, kuma ka riƙa amfani da kafa ɗaya. Tsofaffin sigogin Dragon da ake sakawa a kwamfuta suna son a sake gwajin sauti duk lokacin da aka canza makirufo, sababbin da ke aiki ta intanet suna daidaita kansu.

Wata aba daban da ke yaɗuwa yanzu ita ce manhajar da ke sauraron hirar likita da majinyaci ta fitar da bayani da kanta. Buƙatarta kishiyar duk abin da aka faɗa a sama ce: ana son makirufon da ke ji daga kowane ɓangare, galibi wayar salula a ajiye tsakanin mutanen biyu, kuma sai da sanin majinyaci da yardarsa. Makirufon soke hayaniya zai ɗauki majinyacin a matsayin hayaniya ya shafe shi. Wanda ke yin aikin biyu, na'ura biyu yake buƙata, ko ɗaya da aka ƙera ta da yanayi biyu.

In kuma shifta tana tafiya daidai sai rana ɗaya ta lalace, bi abubuwan daga mai sauƙi. Duba ko an sauya na'urar da aka zaɓa bayan sabunta Windows. Duba igiya a wuyanta, inda ta shiga jikin makirufo, domin nan take fara karyewa, kuma in ka motsa ta kana naɗar sauti za ka ji tsatsar. Duba raga ko soso ko sun toshe. Soka shi a wata kwamfutar: in matsalar ta bi shi, makirufon ne, in ta tsaya a baya, sai a kira masu kula da kwamfutoci a nuna musu sautin da aka naɗa da sakamakon gwajin farko domin su kwatanta.